Damin da Na Ƙi Karɓa

Daga mahaifinka, Kafaran Sani na Olelewa, tsohon soja, zuwa ga ɗana Laminu, a gidan kawunka da ke Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya sa ka sauka ba tare da wahalar hanya ba, ya tsare ka daga sharrin mota da sharrin rana da sharrin mutum. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Ka gai da kawunka da iyalinsa, ka yi masa godiya a madadina. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin bazara, sai kuma ɓacin ran da ka bar mini, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ƙurar motar da ta ɗauke ka ba ta gama kwantawa ba, sai ga Harisu, ɗan baffanka Nomau, ya yi sallama ya durƙusa a zaure. Ya ce, "Baba, na zo in shaida maka ne, kar ka ga hauyata a gonar gawo ka yi mamaki. Laminu ya ba ni aronta kahin ya tahi." Na ce aro ai ba abin mamaki ba ne tsakanin 'yan'uwa, yaya kuka yi da maganar dami? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ya ce in bar zancen dami. A ƙohar masallaci ya hwaɗa, gaban mutane. Ya ce shi yanzu direban kamfani zai zama, mi zai yi da zangarniya?"

Laminu, ƙoƙon fura na hannuna lokacin. Na riƙe shi har ƙuda ya faɗa ciki ban sani ba. Me za ka yi da zangarniya! Kai da ko sitiyari ba ka taɓa riƙewa ba! Wallahi da kana kusa da sai na ja kunnenka a gaban ƙannenka, da gemunka da komai.

Tun kana yawo ba wando ka san abin da damin aro yake nufi, amma tunda ka nuna ka manta, bari in tuna maka. Wanda ya ari gona, in kaka ta yi, yakan ɗauko dami ɗaya ya kai ƙofar mai gonar da rana tsaka, kowa na gani. Damin nan ba don ya cika rumbu ake kai shi ba. Shi ne shaidar cewa gonar tana da mai ita. Ranar da mai gona ya ce a bar shi, to ya saki gonarsa, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da ka yi ke nan a ƙofar masallaci, kuma in ba ka gyara maganarka kafin kaka ba, gonar gawo ta fita hannunka.

Ban hana ka tafiya ba, kuma yanzu ma ban ce ka dawo ba. Saurayi ne kai, ka ji Nasaru suna haƙar dutse can arewa da Agadas suna ɗaukar ma'aikata, ranka ya biya, je ka gani. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ka bi sawuna daidai, har ramin da na faɗa sai da ka nema ka faɗa. Labarina ba ɓoyayye ba ne, duk garin nan an san shi, har yara in suna son tsokanata "Baba Direba" suke kirana. Amma a bakin masu dariya ka ji shi. Yau ka ji shi daga bakina, ko Allah ya sa ya shiga.

Shekarar da aka ɗebe mu soja ba wanda ya nemi shawarata. Sarki ya aiko a ba da samari, mai gari ya duba ya ga dogo ne ni, shi ke nan. Aka kai mu Damagaram, daga nan aka yi ta tafiya da mu har bakin teku, aka zuba mu a jirgin ruwa muna ta amai, sai ƙasar Faransa, yaƙin Jamus. Ba zan cika ka da labarin yaƙi ba, ka sha jinsa har ka gaji. Abin da ya shafe ka shi ne, da direbobi suka yi ƙaranci, aka zaɓi wasu cikinmu aka koya mana tuƙin babbar mota mai ɗaukar harsashi da abinci. Na iya kuwa. Ba yabon kai ba, na iya.

A gaban motar nan mu biyu ne, ni da wani yaron Nasara, ɗan mai gashin burodi, wanda muke kira Jan Wuya saboda ko yaushe wuyansa ja wur yake. In na gaji ya karɓa, in ya gaji na karɓa. Bargo ɗaya muka rufa. In an raba abincin gwangwani ya ga nawa na alade ne, sai ya ɗauke ya ba ni biskit ɗinsa. Shi ya koya mini wannan boko da nake maka rubutu da shi, a bayan kwalin taba, in muna jiran a buɗe hanya. Yaron kirki ne, har yau ban canza magana ba. To ni da wautata sai na ɗauka tunda laka ɗaya ta ɓata mu, wuta ɗaya ake mana, to ai mun zama ɗaya.

Da nasara ta matso, sanyi kuma ya kawo kai, sai umarni ya zo. Aka jera mu baƙaƙen soja, aka ce mu tuɓe manyan rigunanmu na sanyi da takalmanmu masu kyau, mu ajiye bindigogi, mu ba da makullan motoci. Aka miƙa su ga wasu samarin Nasaru da aka kwaso daga garuruwan da muka ƙwato, waɗansunsu ko ɗaure igiyar takalmin soja ba su iya ba. Aka ce wai don kar sanyi ya cuce mu ne. Sanyin da muka kwana cikinsa a rami bai cuce mu ba, sai na shiga birni ana tafi! Jan Wuya ya rungume ni yana hawaye, ya ce wannan ba daidai ba ne. Ya faɗa har sau biyu. Sannan ya hau motar, sabon yaro ya zauna a mazaunina sanye da rigata, suka tafi. Mu kuwa aka kai mu wani bariki a bakin teku mu jira jirgin komawa gida.

Ga nasihata a nan. In ka sami Nasara mai kirki a wurin aiki, ka riƙe shi da kirki, kar ka ce don ubanka ya sha wuya za ka ɗaure wa kowa fuska. Amma kirkinsa nasa ne shi kaɗai, ba na kamfani ba ne. Ranar da za a raba muƙami ba shi ke rabo ba, kuma iyakar abin da zai yi maka shi ne ya ce ba daidai ba ne. Kar ka ɗora rayuwarka a kan wannan.

A barikin bakin tekun nan na yi wauta ta biyu. Lajidan ɗinmu, babban da ke kula da mu direbobi, muna kiransa Mai Lofe, ya zo yi mana sallama. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Sani, kai direba ne na gaske. In ka koma, ka je garejin gwamnati a Damagaram, ka ambaci sunana, mota za a ba ka." Ni kuwa da na taso a garin da in dattijo ya dafa kafaɗarka ya yi magana, magana ta zauna, sai na ƙulle wannan alkawari a zuciya na ɗauke shi tamkar aikin yana aljihuna. Ban tambaye shi wa zan gani ba. Ban tambaye shi ko ya taɓa taka Damagaram ba. Daga baya na gane bai ma san gabas take ko yamma ba, a takardata ya ga sunan.

Yanzu dubi naka. Motar Nasara ta kafe a rairayi a hanyar Belbeji, kun taru kun haƙe ta, ya ga ƙwanjinka, ya dafa kafaɗarka ya ce ka zo arewa zai mai da kai direba. Shi ke nan, ka shigo gida kana tafiya kana buɗa hannu sai ka ce an naɗa ka sarauta. Ka san sunansa? Ka san ko shi ke ɗaukar ma'aikata, ko shi ma ɗauko shi aka yi? In ka je ƙofar kamfanin aka ce wa ya aiko ka, cewa za ka yi wani dogon Nasara mai gajeren wando? Dukansu haka suke, Laminu!

Saboda haka in ka isa, kafin ka dubi motoci, ka nemi baƙin mutum mafi daɗewa a wurin. Ka dubi abin da yake yi da hannunsa. In tuƙi yake, to akwai hanya. In ka tarar mai furfura ne kuma har yanzu taya yake mirginawa, to ka ga inda za ka ƙare, kar wani ya yi maka daɗin baki. Ka zauna da shi, ka saya masa shayi, ka tambaye shi yadda ake yi. Shi zai gaya maka abin da Nasaran ba zai gaya maka ba.

Na dawo gida ana cikin kaka. Na tarar kakanka ya rasu ina can, gonarmu ta kwari, wadda ka sani yanzu da sunan gonar Nomau, ta zama tawa. Kai ba ka san ta da kyau ba sai daga nesa. Ruwa yana kwanciya a cikinta, shekarar da jigawa ta ƙone ita tana kore shar. Duk tsawon yaƙin Nomau ne yake noma ta aro, kuma bai taɓa fashin kai wa kakarka daminta ba. To ran nan ina zaune a ƙofar gida cikin kakina, da lamba a ƙirji, mutane sun kewaye ni ina ba su labarin jirgin ruwa, sai ga Nomau ya koro jaki da dami. Ya sauke a gabana ya ce, "Yaya, ga shaidar gonarka. Barka da dawowa."

Na dubi damin, na dubi jama'a, sai na ji ya yi mini ƙanƙanta. Na ce, "Mai da abinka, Nomau. Na yi maka kama da mai jiran zangarniya? Ni gwamnati za ta ciyar. Je ka ci, na bar maka." Limamin garin na lokacin, Allah ya jiƙansa, yana wurin. Ya ce, "Soja, karɓi ko zangarniya guda ce, ka sa a rumbu." Kakarka tana bayan zana tana gyaran murya har tari ya sarƙe ta. Na yi dariya, na ci gaba da labarin jirgi. Nomau ya ɗora daminsa a jaki ya juya.

Ka ji kalmomin? "Mai jiran zangarniya." Kai kuma, "Me zan yi da zangarniya." Innarka ta ce gado ne. Na ce ita ma ai da nata rabon a jikinka, don me ba ka ɗauko hankalinta ba?

Na auri innarka, na ɗauke ta muka tafi Damagaram. Ga wauta ta gaba, wadda in na tuna ta har yanzu kunya nake ji. Na sayi rago mai ƙaho, na ja shi har gidan Nasaran da ke shugabancin gareji, yadda ake kai wa sarki gaisuwa. Na miƙa wa kukunsa igiya, na sara wa maigidan daga nesa, na juyo ban ce uffan ba. A tunanina babba ba ya bukatar a faɗa masa, in ya ga rago zai aiko a kira mai rago ya ji damuwarsa. Aka yanka ragona aka cinye. Na yi ta zarya ina zama a gindin itacen bedi a ƙofar gareji, ina jiran kira. Da na gaji na tambayi kukun, sai ya ce maigida ya ɗauka wani mai gari ne ya aiko, har ya ce naman ya yi tauri.

Ranar da na samu na shiga, na tarar shugaban garejin shi ma tsohon soja ne, direba irina, yaƙi ɗaya muka yi, lamba iri ɗaya ce a bangon ofishinsa da wadda ke ƙirjina. Ya tashi ya kama hannuna da hannu biyu, ya kira ni ɗan'uwa. Na ambaci Mai Lofe, ya ɗaga kafaɗa, bai taɓa jin sunan ba. Na miƙa masa takardar tuƙina ta soja. Ya juya ta ya ce ai wannan ta sojan 'yan ƙasa ce, ba ta aiki a farar hula, sai na sake jarrabawa, da Faransanci, a rubuce. Na ce to taka fa? Ya ce tasa hatimi kawai aka buga mata ta koma ta farar hula, haka dokar take. Ya ce amma ba zai bar ɗan'uwansa na yaƙi ya tafi hannu biyu ba. Ya kira wani ya kawo mini bokiti da tsumma.

Na karɓa, Laminu. Na ce na ɗan lokaci ne. A garejin nan aka haife ka, a garejin nan ka yi rarrafe, ka yi tafiya, har ka soma aike, ni ina wankin mota. A cikin fili ni ke juya manyan motoci in jera su, don kowa ya san na iya, amma da an kai bakin ƙofa sai in sauko in ba wani. Jarrabawar kuwa kullum ana cewa sai mai yin ta ya zo daga Yamai. In ya zo, sunana ba ya cikin waɗanda aka tura. Ni kuma ban buɗe baki ba. Kawaici nake yi, ina ganin mutum mai mutunci ba ya roƙo, aikinsa zai yi masa magana. Na wanke mota har tana ɗaukar ido, ina jiran a lura. An lura kuwa: aka ce duk garejin ba wanda ya kai ni iya wanki.

Da tura ta kai bango na shiga ofis na faɗi abin da ke raina. Ka san abin da ya ce? Ya buɗe ido da mamaki na gaske ya ce, "Sani, ai na ɗauka ka gamsu! Ba ka taɓa cewa komai ba." Sannan ya ce yanzu kuma shekaruna sun wuce waɗanda ake ɗauka. A ranar na ajiye bokitin.

To ka buɗe kunne. Kunyar da muka koya maka ta gida ce, ta gaban surukai da dattawa. Kar ka kai ta ofis. Can in ka yi shiru cewa za a yi ka ƙoshi, in ka sunkuyar da kai cewa za a yi ba ka gane ba. Ka dubi mutum a ido, ka ce ga abin da nake so, yaushe, wa ke bayarwa. Ba da rashin kunya ba, ba da ɗaga murya ba, kuma ko kusa kar ka ɗaga wa shugaban aiki hannu ko ya zage ka, don kai za a ɗaure. Ka nemi takardar tuƙi ta farar hula tun kana yaron mota, ka matsa sai an sa sunanka a jarrabawa. Ɗan Faransancin da ka tsinta a lakwal, makarantar boko, kafin ka gudu, ka tono shi ka wanke. Kuma ka yanka wa kanka wa'adi. In damina biyu ta wuce kana ɗaukar jarka, ka tattara ka dawo. Kar ka kai wa kowa rago.

Na dawo Olelewa da ku, ina cewa a raina ko ba komai ina da kwari. Na je wurin Nomau na ce na dawo, zan karɓi gonata. Ya ce, "Yaya, wace gona?" Muka je gaban mai gari. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Kafaran, tun dawowarka daga yaƙi, ka taɓa karɓar dami?" Na ce ranka ya daɗe, ban karɓa ba, amma kowa ya san ta ubana ce. Ya ce kowa ya sani, kuma kowa ya ji abin da ka ce ranar da aka kawo maka. Dattawa suka maimaita maganata kalma bayan kalma, har da yadda na yi da hannu. Mutanen da ba sa tuna abin da suka ci jiya! Na tashi na kakkaɓe wandona na fita.

Na yi fushi da Nomau shekaru, ko gaisuwarsa ba na amsawa da kyau. Yanzu da na tsufa na san bai sace mini komai ba. Ya kawo, na ƙi. Ya yi ta zuba guminsa a gonar, ya ciyar da 'ya'ya da ita, ni ina can ina goge gilashi. Harisu ma ba mugun yaro ba ne, da mugu ne da bai zo ya gaya mini ba. Amma yana da mata da 'ya'ya, kuma mutum in ya noma wuri shekara da shekaru ba mai karɓar dami, zuciyarsa da kanta za ta gaya masa nasa ne. Abin da ya fi ba ni haushi, duk faɗin garin nan ba ka sami wanda za ka yi wa wannan kyauta ba sai gida ɗaya da na yi wa tawa. So kake su riƙa yi mana addu'a a kowace kaka, uba ya ba uba, ɗa ya ba ɗa?

Kar ka ce ai yanzu zamani ya canza, mun sami mulkin kai. Na yi murna ranar, har rawa na taka da girmana. Sai ga shi an ce fanshon da Faransa ke ba mu an tsayar da shi inda yake, ba zai ƙara motsi ba, na su Jan Wuya kuwa yana ta hawa, alhali harsashin bai tambayi launin kowa ba. Na je Tanut neman ko aikin tuƙin motar likita, yaranmu na ofis suka ce ina takardar lakwal. Ranar biki dai ana tunawa da mu. A aiko mu sa kaki mu jera a rana, a kira mu mazan jiya, a tafa mana, mu hau jakunanmu mu koma. Kamfanin da za ka kuwa na Nasaru ne, su ke da gidaje masu sanyi, su ke da makullai. Ina fatan ka tarar ba haka ba, amma ka je da shirin haka ne.

Gonar gawo da ka yar a ƙofar masallaci, ka san yadda aka same ta? Kana ƙarami, ba za ka tuna ba. Fako ce, ko ƙaya ba ta son fitowa a wurin, shi ya sa mai gari ya ba ni ba musu. Na yi ta bin Fulani ina roƙo su kwana da shanunsu a kanta da rani, ina ba su hatsin da mu kanmu bai ishe mu ba. Innarka ta yi ta jidar toka da shara a ka. Na dasa gamba a iyaka da hannuna. Shekarun farko abin da muka girba ko jaki ɗaya bai ji nauyinsa ba, mutane na wucewa suna cewa Baba Direba yana tuƙa fako. Sai da ta yi baƙi ta yi laushi, ta soma cika rumbu, sannan na kira shaidu na ce ta Laminu ce, ya yi aure da ita. Ban ba ka don na rasa abin yi da ita ba. Na ba ka don duk inda ka je aka wulaƙanta ka, ka iya ajiye musu kayansu ka ce ina da wurin komawa. Ni lokacin da na ajiye bokiti ba ni da shi, kuma na san yadda abin yake da ɗaci.

Sauran nasiha gajeru ne, ka sha jin su. Ka tsare salla ko a bayan mota ne. Kar ka kusanci kwalba, na ga yadda ta gama da mazajen da harsashi bai same su ba. Kar ka ci bashin kanti. Ka girmama Buzayen wurin, ƙasarsu ce, kuma su suka san inda ruwa yake. Innarka ta ce ka riƙa rufe kanka da rawani, kuma yajin da ta ƙulla maka ba na rabo ba ne.

Yanzu ga inda magana take. Na je wurin mai gari na ce ina so in warware abin da ka faɗa. Ya ce, "Kafaran, gonar ta Laminu ce, kai ka ba shi gaban shaidu. Bakin da ya ɗaura shi ke kwancewa, naka ba ya yi." Na ce to ba wata dabara? Ya ce muddin hauyar gidanku tana aiki a cikinta, ba wanda zai ce kun saki. Saboda haka na tafi gidan Harisu, ni da nake baffansa, na tsaya a ƙofarsa na roƙe shi ya bar mini gefen gabas in noma. Yaron ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Ya ce, "Haba Baba, wane ni? Ɗauki duk inda kake so." Na auna daga gawo zuwa gamba na kafa itace.

Ka san halin ƙuguna. Likitan Tanut ya ce in na sake riƙe hauya, wata rana ɗauko ni za a yi daga gona. Innarka ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ɓoye hauyar a bayan rumbu, na nemo ta na kai maƙera an gyara mata baki. Hadari ya soma haɗuwa a gabas da yamma-yamma, ruwan shuka ba zai daɗe ba.

Abin da nake nema gare ka ba shi da wuya. Ka je gaban kawunka da wani dattijo guda, ka faɗa da bakinka cewa gonar gawo aro ce kuma kana son daminka kowace kaka, a kai ƙofar ubanka. Su aiko da shaidarsu ta hannun direban da ya kawo maka wannan takarda, yana ratsowa ta Tanut. Ranar da saƙon ya iso zan rataye hauya. In girman kai ya hana ka, don na san yana da wuya mutum ya janye maganar da ya yi gaban jama'a, to ka sani kowace safiya da kake tsaye a ƙofar kamfani, ubanka yana duƙe a gefen gabas na gonarka, kuma ba zan daina ba sai ƙafar ta ƙi ɗaukata.

Allah ya tsare ka a tafiyarka da zamanka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya ba ka abin da ka je nema in alheri ne, ya kare ka daga wulaƙanci. Allah ya sa mu gana da rai da lafiya. Allah ya yi maka albarka, ya kuma ƙara maka hankali, amin.

Ni ne mahaifinka,
Sani.